Dashe Mai Lamba Bakwai

Ranar da aka miƙa wa Rifkatu takardar canjin wurin aiki zuwa Cibiyar Binciken Shayi, ta ɗauka gida za a mai da ita. 'Yar Mambila ce, can bisa dutse aka haife ta, inda gajimare ke saukowa har ƙofar ɗaki, kuma uwarta ta yi shekara goma sha tara tana tsinkar ganyen shayi da kwando a baya. In dai za a kafa cibiyar shayi a ƙasar nan, ina za a kai ta in ba can ba? Sai da idonta ya kai ƙarshen takardar ta ga adireshin: Sakkwato, hanyar Kalambaina. Wato daga ɗakin gwajin ƙasa da take aiki a cikin gari, tafiyar minti ashirin ce a kan kabu-kabu.

Da ta koma gida Runjin Sambo ta nuna wa mijinta Bitrus, malamin lissafi a wata sakandare. Ya gyara tabarau, ya karanta sau biyu.

"Maman Ladi," ya ce, "anya ba shanu suke nufi ba, mai buga tafireta ya kuskure?"

Ba kuskure ba ne. Shekarar ce aka yi yaƙi a ƙasashen Larabawa, mai ya yi tsada, kuɗi suka sake ɓarkowa kamar a zamanin baya, sojojin da ke mulki suka shiga neman inda za su zuba su. Kowane mako sai an ji sabuwar cibiya a rediyo. Wannan ta shayi, wanda aka naɗa shugaban hukumarta shi ne Alhaji Na'Allah, dillalin shanu mai kai nama barikin soja. Yana da wani fili a hanyar Kalambaina, fako ne mai farin dutse wanda ko akuya ba ta tsayawa a kansa. A taron da aka yi a Legas, an ce ya tashi ya tambayi manyan ƙasa: ina aka fi shan shayi, bisa dutse ko Sakkwato? Aka yi dariya, aka tafa, aka sa hannu.

Ta haka aka gina gidan gilashi a garin da rana ke narkar da kwalta, domin itacen da ba ya son komai sai sanyi da ruwan sama. Aka jera masa na'urorin sanyi shida, da janareta mai girman ɗaki, da tankar ruwa mai zuwa kullum. Ƙurar siminti daga kamfanin da ke gaba tana sauka kan gilashin, kowace safiya sai an hau an wanke kafin haske ya shiga.

Rifkatu ba ta ga laifin Alhaji Na'Allah sosai ba. Mutum ne da ya san sa tun daga ƙaho har kofato, bai taɓa cewa ya san shayi ba sai a kofi. Wanda ya tsaya mata a wuya shi ne darakta, Dakta Mika'ilu. Da jahili ne da ta yi masa uzuri. Amma ya yi karatun, shekara shida a Ingila, kuma hannunsa ya iya aikin. Ya san shayi ba ya shiri da ƙasa mai farin dutse, ya san zafin da ke kashe shi, ya san komai. Sai dai duk lokacin da Alhaji ya shigo yana jan babbar riga, Turancin Dakta yakan gudu, ya koma Sakkwatanci tsantsa, yana rusunawa yana "Awo, ranka shi daɗe, hakanan na." Rifkatu takan juya baya ta kama wanke kwalabe, don kada fuskarta ta tona ta.

Abin da ya hana ta neman a mai da ita tsohon wurinta shi ne aikin kansa, domin aikin gaskiya ne. Akwai wata cutar fumfuna da ke kama ɗanyen ganyen shayi da damina. Takan fara da ɗigo kamar an ɗiga mai, ta kumbura, ta yi fari daga ƙasa, sannan tohon ya baƙe ya ruɓe. Rifkatu ta san ta tun kafin ta san sunanta a littafi. Ta sha ganin uwarta ta wuni cikin ruwa tana tsinka, ta kai kwando ma'auna, a tona a ga ɗigon, a zubar da shi gaba ɗaya a gefen hanya. Dabarar Dakta ita ce a ɗauko wata ƙwayar gado daga wake, wadda ke sa ganye ya fitar da sinadarin da ke narkar da fatar fumfuna, a shigar da ita cikin shayi. In ta kama, itacen zai kare kansa da kansa, ba sai an yi ta feshin magani ba.

Watannin farko da shi aka yi. Yakan tuɓe kwat ya zauna a bencin gwaji, ya nuna mata yadda ake yanka ganye ƙanana ƙanana, a jiƙa su cikin ruwan da ke ɗauke da ƙwayar, a kwantar a cikin kwalba. Daga baya tarurruka suka cinye shi. Yau Legas, gobe Kaduna, jibi rakiyar Alhaji gaisuwa bariki. Aikin ya koma hannun Rifkatu ita kaɗai.

Shayi kuwa itace ne mai taurin kai. Da zarar an yanka shi yakan zubo wani ruwa ja-ja kamar dafaffen shayin kansa, ya ɓata abincin da aka zuba masa a cikin kwalbar, ya kashe kansa. Ta yanka fiye da dubu uku. A cikin shekara biyu da rabi, goma sha ɗaya ne suka yi toho, suka yi saiwa, suka yarda aka mai da su tukunya. Ta ɗaura wa kowanne lamba da zare. Mai lamba bakwai shi ya fi ba ta wahala: toho ɗaya tak ya fitar, ragowar da ke kwalba ta baƙe ta mutu. Ba shi da ɗan'uwa a ko'ina.

Da suka kai tsawon kamu biyu, ta ɗauki hutu ta tafi Mambila, kwana biyu a mota, ta dawo da ganyaye masu cutar a cikin kula. Ta jiƙa su, ta tace, ta fesa wa sha ɗayan nan tare da sauran dashen gida da ba a sa musu ƙwayar ba, ta rufe gidan gilashin ta cika shi da laima. Ba a yi mako biyu ba ɗigo ya bayyana. Dashen gida duk suka kamu. Cikin sha ɗayan, goma suka kamu. Mai lamba bakwai yana tsaye a tsakiyarsu, ganyensa shar kamar an shafa masa mai.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wataƙila feshin ne bai same shi ba. Ta sake fesa masa, har ta goga ruɓaɓɓen ganye a bayan sabon tohonsa da yatsa. Ta jira wasu makonni biyu. Ko ɗigo.

Ranar da ta shiga ofis ta faɗa wa Dakta, ta same shi da takardun gayyata baje a tebur. An sa ranar buɗe cibiyar, saura kwana goma, kuma wani Birgediya ne zai zo daga hedikwata ya yanke ƙyalle. Shekara uku ana aiki, sai yanzu aka samu sojan da ke da sarari.

"Dakta, lamba bakwai bai kamu ba. Sau biyu na gwada."

Ya ɗago kai. Ya ajiye biro ya biyo ta ba tare da ya ɗauki hularsa ba. A gidan gilashin ya durƙusa a kan siminti da farin wandonsa, ya karɓi madubin ƙara girma, ya juya ganye ɗaya bayan ɗaya.

"Madam Rifkatu," ya ce a hankali, "kin san abin da kika yi kuwa? Ba a taɓa..."

Bai ƙarasa ba aka ji hon ɗin marsandi a waje. Alhaji Na'Allah ya shigo yana fifita da gefen riga, ya tsaya ya shaƙi sanyin wurin da jin daɗi. Ya zo ne da magana ɗaya. An gaya masa a irin wannan biki babban baƙo yakan dasa itace a gaban allon marmara, don haka ya sa an haƙa rami an zagaye shi da bulo. Saura a zaɓi itacen.

Ya bi layin tukwane yana taɓe baki. "Wanga miki, wanga miki. Dakta, dut kuturta ta kama su?" Sai ya ja birki. Ya nuna da sandarsa. "Yawwa. Wanga shi ag garau. Shi za a ba Birgediya."

Rifkatu ta dubi Dakta. Minti ɗaya da ya wuce mutumin nan yana durƙushe gaban itacen. Yanzu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Awo, ranka shi daɗe. Idonka ya gani."

"Alhaji, ranka ya daɗe," in ji Rifkatu, "wannan shi kaɗai ne muka samu. In ya fita waje mutuwa zai yi."

Alhaji ya dube ta da fara'a, irin kallon da ake yi wa yarinyar da ta sa baki a cinikin bijimi. "Ɗiyata, icce ba waje aka dasa shi ba? Mi ad damuwa? Taki ni ka kawowa, na mahauta, mai ƙarhi." Ya juya ya fita.

Ta bi Dakta har ofis, ta rufe ƙofa.

"A kawo dashen gwaiba," ta ce. "Ko lemo. A ɗaura masa lamba. Birgediya ba zai bambance ba, Alhaji ma ba zai bambance ba."

Dakta ya jingina da kujera ya yi fuskar limami. "Kina so in yi wa gwamnatin tarayya ƙarya?"

A gabansa, a kan tebur, ga littafin bikin da ya rubuta da hannunsa, inda aka ce cibiyar ta samar da dashe dubu goma masu jure cuta, a shirye don raba wa manoma. Rifkatu ta dubi littafin, ta dube shi. Bai ko sunkuyar da kai ba.

"To a bar ni in yanki reshe. Karan ya fara ƙwari. Uku kawai, in kafa su a tukunya. Ko itacen ya mutu muna da iri."

"Reshe nawa ne a jikinsa?"

"Biyu, da kai."

"Wato ki aske shi ƙwal, mu miƙa wa Birgediya tsinke a gaban 'yan jarida. Bayan Alhaji ya gan shi da idonsa." Ya girgiza kai. "Ba za a taɓa ko ganye ɗaya ba. Abin na awa ɗaya ne. Ana watsewa da la'asar mu tone shi mu mayar ciki, ki yanki abin da kike so."

"Dakta, watan Afrilu muke. Kai ma ka sani."

"Na sani, na sani." Ya ɗauki biro ya fara juya shi. Muryarsa ta yi laushi. "Yaya Malam Bitrus? Har yanzu a kan kwantiragi yake da jiha ko? Na ji ana ta sallamar baƙi, waɗanda ba 'yan jiha ba, a makarantu. Alhaji da kwamishinan ilimi kullum tare suke cin abinci. Abin da kyau a ce yana ganin mutuncinku."

Ta buɗe ƙofa ta fito. A gida ba ta faɗa wa Bitrus maganar kwantiragin ba. Ta ba shi labarin sanda da kuturta, ya yi dariya har da tari, ta bar shi a haka.

Safiyar bikin ta iso tun bakwai da sabuwar reza a cikin jaka. Sojoji sun riga sun cika harabar, ana kafa rumfuna ana gwada lasifika. Gidan gilashin babu kowa. Ta shiga ta ja ƙofa. Ta tsuguna gaban lamba bakwai, ta ɓare rezar daga takardarta, ta kama reshen ƙasa, wanda yake ta bayan itacen. Ta ma riga ta zaɓi gaɓar. Yanka ɗaya, ta naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ta cusa a jaka. Ta san yadda za ta juya tukunyar don kada wurin ya nuna.

Ta daɗe a tsugune. Ta tuna ita ta ƙirga wa Dakta rassan da bakinta. Ta tuna Ladi tana aji biyar, da ɗakuna biyun da suka yi shekara tara a ciki, da yadda Bitrus yake goge takalminsa kowace Lahadi da yamma saboda aikin Litinin. Wani ya buga ganga a waje. Ta saki reshen, ta mai da rezar cikin takardarta. Da masu ɗauka suka zo, ita da kanta ta nuna musu inda za su riƙe tukunyar.

Ƙarfe tara aka ajiye itacen a bakin ramin, domin an ce Birgediya ba ya jira. Ƙarfe goma aka rubuta a takardar gayyata. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Manyan gari suna cikin rumfa ana yi musu fifita, itacen yana tsakiyar fili shi da allon marmara. Rifkatu ta ɗauko lema ta je ta tsaya a kansa. Wani jami'in tsare-tsare ya zo ya ce ta kauce, tana tare wa masu hoto allo. Ta koma gefe tana kallon tohon saman yana sunkuyawa sannu a hankali.

Ɗaya da rabi aka ji jiniya. Birgediya ya sauko, gajere mai ƙiba, da 'yar sanda a hammata. Aka yi taken ƙasa. Alhaji ya yi jawabi, ya ce nan da shekara biyar Sakkwato za ta shayar da duniya shayi. Dakta ya yi nasa da Turanci, minti arba'in, ya gode wa mutum goma sha bakwai da sunayensu, har da wanda ya ba da hayar rumfa. Aka zagaya da shayi a kofunan tangaran, mai sanarwa yana cewa a ɗanɗani albarkar cibiya. Rifkatu ta ga kwalayen da aka sayo a kasuwa jibge a bayan kicin.

Sannan aka taso wajen ramin. An tara farar ƙasar wurin a gefensa, an gauraya da ɗanyen takin mahauta mai tururi. Birgediya ya karɓi itacen ta wuya kamar kaza, ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaushe zai fara 'ya'ya?" ya tambaya.

Duk wanda ya taɓa shan shayi ya san ganye ake sha. Rifkatu ta zuba wa Dakta ido.

"Nan da shekara biyu, ranka ya daɗe," in ji Dakta.

"Madalla." Birgediya ya jefa shi rami, ya tura ƙasa da shebur mai ado, ya taka gindin da takalmin soja har sau uku don ya zauna. Aka tafa. Da alama abin ya yi masa daɗi, domin ya juya ya kira wani hafsa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce wannan itace dukiyar ƙasa ce, kuma shi ya dasa da hannunsa. A sa soja a kansa dare da rana. Duk wanda ya taɓa shi, ko waye, a kama.

Tafin da aka yi wa wannan ya fi na farko. Dakta ma ya tafa.

Da la'asar, bayan an watse, Rifkatu ta zo da shebur da tukunya. Ta tarar da kofur ɗaya tsaye da bindiga, dogo, da tsage a kumatu, gumi ya jiƙe masa kaki.

"Madam, ina za ki?"

"Zan mai da shi ciki ne. Haka muka yi da darakta."

"Ba a ba ni wannan oda ba."

Ta je neman Dakta. Aka ce ya raka Birgediya filin jirgi, daga can kuma akwai walima gidan Alhaji. Washegari ta same shi. Ya ce ai ta ji da kunnenta abin da aka faɗa, shi ba zai iya karya umarnin soja ba, amma zai rubuta takarda hedikwata ya nemi izini. Ya ce ta kawo masa bayanin a rubuce, kwafi uku.

Kofur ɗin ba mugu ba ne. Ya bar ta tana zuba ruwa daga nesa, ya kuma yarda ta kafa zana ta gefen yamma, muddin zanar ba ta taɓa bulo ba. Da ta roƙe shi reshe ɗaya, ko ganye ɗaya mai idon toho, sai ya ce, "Madam, ni ma ina da yara." Ita ma ta san wannan amsar.

A rana ta biyu ganyen suka naɗe. A ta uku gefensu ya ƙone. A ta huɗu ta zo ta tarar sun zube a cikin bulo, iska tana juya su. Ta roƙi kofur ya kankare bawon da farce ta gani. Ya waiga hagu da dama, ya kankara. Ciki ya bushe har ƙasa.

Ba a janye sojan ba sai bayan mako uku, domin babu wanda ya so ya zama shi ne ya sanar da hedikwata. Kullum ana canjin gadi a gaban busasshen tsinke, har da ƙamewa.

Daga nan abubuwa suka bi hanyarsu. Mai ya faɗi, kuɗin cibiyoyi suka ƙafe, tankar ruwa ta daina zuwa. Ragowar dashen suka bi lamba bakwai. Alhaji Na'Allah ya lura cewa duk Sakkwato babu ɗakin sanyi kamar wannan, ga janareta, ga hanya, sai ya sa aka fitar da bencina aka kafa ƙugiyoyi. Dakta Mika'ilu ya samu ƙarin girma, aka kira shi Abuja. Rifkatu ta koma tsohon ɗakinta na gwajin ƙasa, tana auna samfurin da manoman albasa ke kawowa. Kwantiragin Bitrus kuwa an sabunta shi, kamar yadda ake sabuntawa kowace shekara, ba tare da kowa ya sa baki ba.

Bayan shekara ɗaya da wasu watanni, wata Asabar da hantsi, tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, sai ta ji mota ta tsaya a lungu. Bitrus ya leƙa ya dawo yana ɗaga gira.

"Maman Ladi, darakta ne. Da kansa."

Dakta ya shigo da sallama, ya yi ƙiba, ya kawo ledar lemo da biskit. Aka ba shi kujera a inuwa. Ya tambayi aiki, ya tambayi Ladi, ya yaba tsabtar gidan. Bitrus ya gane akwai magana, ya ɗauki rediyonsa ya fita ƙofar gida.

Dakta ya matso da kujera. Ya ce ya je wani babban taro a Indiya, ƙasar shayi, ya gabatar da sakamakon lamba bakwai. Bai ce da sunan wa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya ce mutanen sun tashi tsaye. Shekaru suna neman abin nan ba su samu ba. Yanzu wata babbar cibiya a can ta rubuto, suna so a aika musu reshe su gwada da kansu. In ya tabbata, akwai kujerar farfesa, akwai tallafi, ita ma za a kai ta ƙaro karatu.

"Itacen ya mutu, Dakta. A gabanka."

"Na sani, na sani." Ya yi murmushi, ya rage murya. "Amma ni na san ki, Madam Rifkatu. Shekara uku muna tare. Ke ba mai barin abu irin wannan ya salwanta ba ce. Safiyar bikin an ga kin shiga gidan gilashi ke kaɗai, kin daɗe. Ba zan yi fushi ba, wallahi. Yana ina? Mambila kika kai?"

Ta ajiye farantin a cinya ta dube shi da kyau. Ashe abin da ya taso shi daga Abuja ke nan. Ya zo da yaƙinin cewa ta saɓa masa, yana roƙon Allah ya sa ta saɓa masa.

"Ban yanka ba."

"Haba, Madam."

"Na shiga da reza. Na kama reshen. Ban yanka ba. Kai ka ce kada a taɓa ko ganye ɗaya. Ka kuma tambaye ni lafiyar kwantiragin mijina."

Murmushin ya ɗauke. Ya tsura mata ido yana neman alamar wasa, bai samu ba. Ya miƙe tsaye, har kujerar ta faɗi.

"Kina nufin babu? Ko ɗaya?" Muryarsa ta haura. "Ke da kika san darajarsa fiye da kowa? Ke da kika san zai mutu? Don na faɗi magana a ofis sai ki bi? Ai ni dole ce ta sa ni, ina da Alhaji a kaina, ina da soja a kaina. Ke wa ya gan ki? Yanka ɗaya fa! Wane irin ma'aikaci ne ba ya amfani da hankalinsa?"

Ta sha faɗa wa kanta wannan maganar, kalma da kalma, fiye da yadda shi zai iya. Abin da ba ta zata ba shi ne ta ji ta daga wannan bakin. Wata dariya ta taso mata, gajera, ba ta daɗi ba, ta fito ta hanci.

"To mu sake," in ji Dakta, ya sauko. "Kina da hannun. In samo kuɗi, shekara biyu..."

"Sau dubu uku na yanka kafin a samu ɗaya. Kuma ɗakin yanzu nama ne a ciki." Ta ɗauki farantinta. "Ka rubuta wa mutanen Indiya ka ce soja ya yi gadinsa."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana. Sannan ya gyara hula ya nufi ƙofa. A zaure ya ci karo da Bitrus, ya wuce shi ba sallama. Suka ji motar ta yi baya da ƙyar a cikin lungun, tana gogar katangar maƙwabta.

Bitrus ya shigo ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya zauna a kai. Ya kashe rediyon.

"Na ji an ambaci kwantiragina," ya ce.

Rifkatu ta ci gaba da tsintar shinkafa, ta fitar da tsakuwa biyu ta jefar. Sannan ta ture farantin gefe, ta juyo ta fuskance shi, ta fara ba shi labarin tun daga ranar da ta rufe ƙofar ofis.